Muhawara a Kan Wayar Ƙasa a Jirgin Ruwa na Ƙarfe

A cikin mas'alolin da maƙeran jiragen ruwa da masu aikin lantarki suka daɗe suna jayayya a kansu, musamman a tashoshin Ingila da Holan da Faransa da Amurka, inda ƙananan jiragen baƙin ƙarfe da na alminiyam suke kwana gefe da gefe suna jawo wuta daga kan tudu, babu wadda ta fi sa a tada jijiyar wuya irin mas'alar waya guda tal, watau wayar nan mai launin kore da ruwan ɗorawa wadda ake kira wayar ƙasa. Jama'a guda suna cewa wajibi ne a ɗaure ta da gangar jirgin, domin ita ce ke tsakanin mutum da halaka ran da wuta ta ɓalle daga hanyarta. Wata jama'a kuma suna cewa ɗaurin nan shi ne ke cinye gangar a ɓoye, dare da rana, har wata rana ruwa ya shigo ta inda ba a yi zato ba. Ko wane ɓangare yana da hujja, kuma ko wace hujja da hasara aka same ta, ta dukiya ko ta rai, saboda haka bai kamata a yi gaggawar yanke hukunci ba sai an saurari kowa.

Asalin illar da ake tsoro ya girmi wutar lantarkin gida nesa ba kusa ba. A shekarar 1761 rundunar ruwa ta Ingila ta lulluɓe ƙasan wani jirgin yaƙinta na katako mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe, don ta kare shi daga tsutsar teku mai huda katako, sa'an nan ta aike shi tekun Karebiyan. Da ya komo aka duba shi a 1763, sai aka tarar katakon lafiya lau, amma ƙusoshin baƙin ƙarfen da aka kafe fallayen da su sun ruɓe, har waɗansu fallayen sun ɓamɓare. Abin da ya ba masu dubawar mamaki shi ne, waɗansu ƙusoshi ƙalilan sun tsira, kuma da aka lura sai aka ga takardar da aka naɗo jan ƙarfen a ciki ce ta maƙale a ƙarƙashin kawunansu, ta hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Sun ga alama, ba su san sababi ba. Sababin bai bayyana ba sai bayan Galvani na birnin Bolonya ya wallafa bincikensa a 1791, Volta kuma ya ƙera batir na farko a 1800, aka fahimci cewa duk inda ƙarfe iri biyu suka taɓa juna alhali suna cikin ruwa mai gishiri, to, batir ya kafu ke nan, kuma a ko wane batir tilas ɗayan ƙarafan ya riƙa narkewa don wutar ta gudana. Wanda ya taɓa buɗe tsohuwar tocila ya tarar batirinta ya huje yana tsiyayar farin ruwa ya ga wannan da idonsa: kwanon tutiyar da ke wajen batirin shi ne ya ƙare, gawayin da ke tsakiya yana nan yadda yake.

Ƙarafa kuwa suna da martabobi a cikin ruwan teku, kuma na ƙasa shi ke ƙarewa don na sama ya zauna lafiya. Maganiziyam ne a can ƙasa, sai tutiya da alminiyam, sai baƙin ƙarfe, sa'an nan tagulla da jan ƙarfe da ƙarfen nan da ba ya tsatsa. A 1824 Humphry Davy, wanda Michael Faraday yake yi wa mataimaki, ya juya wannan illa ta zama magani, ya nuna cewa idan aka manna ɗan guntun tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen jirgi, guntun zai ɗauke cutar duka ya bar fallen. An jarraba dabarar a jirgin Samarang ta kuwa yi aiki, amma sai wata ɓarna ta ɓullo, domin ashe narkewar jan ƙarfen nan a hankali ita ce ke kashe ciyawa da ƙananan halittun teku masu manne wa jirgi. Da narkewar ta tsaya sai suka lulluɓe ƙasan jirgin, gudunsa ya ragu, rundunar ta yi watsi da dabarar. Duk da haka ita ce asalin ƙarfen fansa da ake ɗaura wa ko wane jirgin ƙarfe a yau, watau dunƙulen tutiya ko alminiyam ko maganiziyam da ake kafewa a ƙarƙashin ganga da kusa da farfela, don ya ƙare a madadinsu. Idan aka ɗaga jirgi bayan shekara guda aka ga dunƙulen ya zaizaye, ya yi ramuka ramuka, ya ragu kamar rabi, mai jirgi sai ya yi hamdala; idan kuwa aka same shi sumul yadda aka sa shi, wannan ne abin tsoro, don yana nufin wani abu dabam ne ke narkewa.

To, a nan masu cewa a yanke wayar suke kafa hujjarsu ta farko, kuma hujja ce mai ƙarfi. Suka ce, jirgi muddin yana shi kaɗai a ruwa, ƙarfen fansarsa gangarsa kaɗai yake karewa, kuma maƙerin ya ƙididdige yawansa daidai da faɗin gangar. Amma da zarar an jawo wuta daga tasha, wayar ƙasar da ke cikin kebul ɗin ta haɗa gangarsa da wayar ƙasa ta tashar, ita kuma tana haɗe da ko wane jirgi da ya jona wuta a wurin, tana haɗe kuma da turakun ƙarfen da aka kafa gadar tashar a kansu. Ruwa ɗaya, waya ɗaya: tashar duka ta zama batir guda. Jirgin da ya fi kowa kula da ƙarfen fansarsa shi zai riƙa ciyar da farfelar tagullar maƙwabcinsa da turakun hukumar tasha, abin da aka ƙiyasta zai kai shekara biyu ya ƙare a 'yan watanni, bayansa kuma gangar ce za ta hau layi. Idan gangar ta alminiyam ce abin ya fi muni, domin kusan duk ƙarfen da ke kewaye da ita ya fi ta martaba. Tarihi ma ya shaida yadda alminiyam yake da saurin cutuwa idan ya yi maƙwabtaka da tagulla: jirgin tsere na Amurka mai suna Defender, wanda aka ƙera a 1895 da alminiyam a sama, tagulla a ƙasa, haƙarƙarin baƙin ƙarfe a ciki, ya ci gasarsa, amma a 1901 aka farfashe shi don ƙarafansa sun cinye juna.

Hujjarsu ta biyu lissafi ce, kuma lissafin ya cancanci a tsaya a kansa. Bisa ƙa'idar da Faraday ya tabbatar, wutar batir mai ƙarfin amfiya 1, idan ta shekara tana fita daga baƙin ƙarfe tana shiga ruwa, za ta tafi da ƙarfe wajen kilo 9. Da za a raba wannan a kan ganga duka, da ba wani abin tashin hankali ba ne. Amma gangar fenti ne da ita, wutar kuwa ba ta fita sai ta inda fentin ya ƙwarzane, saboda haka duk ɓarnar a wuri ɗaya take taruwa. A ɗauki fallen ƙarfe mai kaurin milimita 6, a yi masa huda mai faɗin santimita 2: ƙarfen da aka cire bai fi giram 15 ba. Wuta mai ƙarfin miliamfiya 10 kacal, wadda ko ƙaramin ƙwan fitila da ƙyar za ta haska, tana iya tafiya da wannan adadin a cikin wata biyu. Masu gyaran jirage sun san irin wannan rami da gani: ba ja ne ba kamar tsatsar da aka saba, a'a, fari ne fes yana ƙyalli, bakinsa a zagaye kamar an kwarfe shi da cokali, sau da yawa kuma a jere suke a gefen da ke fuskantar gadar tasha. Masu wannan ra'ayi suka ce, jirgin da ya huje a tsakiyar teku ai maganar rai ce shi ma, don haka kada wani ya ce su dukiya kawai suke karewa.

Sa'an nan suka ƙara da cewa zamani ya kawo abin da ya wadatar. Akwai na'urar nan da ke auna wutar da ta shiga jirgi da wadda ta komo, idan ta ga bambanci ya kai miliamfiya 30 ta yanke wutar kafin ƙiftawar ido. In akwai ta, me za a yi da wayar da ke jawo ɓarna? Har suna kafa hujja da cewa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ƙananan jirage, ISO 13297, ta taɓa yin rangwame a kan haɗa wayar ƙasa da baƙin kan batir, watau mai alamar −, idan an sa wannan na'ura ta tsare jirgin duka. Gaskiya ne an yi rangwamen, ko da yake bai kai inda suke so su kai shi ba, domin rangwame a kan haɗi ɗaya a cikin jirgi ba izni ba ne na a bar gangar ƙarfe ba tare da kariya ba.

Yanzu a saurari masu cewa a ɗaure. Su ba su musanta ko ɗaya daga cikin lissafin nan ba. Abin da suka ce shi ne, abokan muhawararsu sun dubi wuta guda sun manta da ɗayar. Wayar ƙasa ba don ranar lafiya aka sa ta ba. An sa ta ne don ranar da rufin waya mai wuta zai goge a jikin ƙarfe saboda jijjigar inji, ko ruwa ya shiga cajar batir, ko tukunyar dafa ruwa ta fashe daga ciki, wutar gari mai bolt 230, ko 120 a Amurka, ta hau gangar jirgin. Idan gangar tana ɗaure da wayar ƙasa, wutar za ta sami hanya mai faɗi ta koma inda ta fito, ta kwarara da yawan da zai ƙone fiyus ko ya kaɗa bireka nan take. Idan kuwa an yanke wayar, gangar za ta zauna ɗauke da wuta, fitilu suna ci, firji yana aiki, babu wata alama, wutar kuma tana neman hanyar komawa tudu ta cikin ruwa, ko ta jikin wanda ya sa ƙafa ɗaya a gada ɗaya a jirgi.

A wannan gaɓa akwai wani abu da hankali ba ya kawowa da farko, wanda kuma a ganina shi ne mafi nauyi a muhawarar duka. Mutum zai zaci ruwan teku ya fi haɗari, tun da ya fi ɗaukar wuta. Al'amarin a juye yake. Ruwan teku, da gishirinsa na wajen giram 35 a ko wace lita, ya fi jikin ɗan Adam sauƙin bi, saboda haka mafi yawan wutar takan kewaye mai iyo ta wuce, kuma sau da yawa takan kwarara da yawan da zai kaɗa bireka. Ruwan daɗi kuwa, na kogi da na tafki, ya gaza ruwan teku wajen ɗaukar wuta ninki ɗari ko fiye, don haka bireka ba ta jin komai, jikin mutum kuma, da jininsa mai gishiri, shi ne hanya mafi sauƙi a wurin, wutar sai ta bi ta cikinsa. Miliamfiya 10 zuwa 20 na wutar gari sun isa su ɗaure tsokar mutum ya kasa motsa hannu, wanda ya kasa motsa hannu a ruwa kuwa ya nutse, a ce ruwa ne ya ci shi, ba a ga ƙuna a jikinsa ba. A shekarar 1999, a wata tashar jirage ta ruwan daɗi a jihar Oregon ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 8 yana iyo sanye da rigar da ke hana nutsewa, sai ya yi ƙara ya sandare. Mahaifiyarsa da ta faɗa ruwan don ta ceto shi ita ma ta ji gaɓoɓinta sun ƙi motsi. Yaron ya rasu. Da aka bincika sai aka gano cewa a wani jirgi da ke kusa wayar wutar gari ta haɗu da wayar batir, kuma babu haɗin nan da zai mayar da wutar tudu ya kaɗa bireka, sai ta bi ta ƙarafan da ke ƙarƙashin jirgin ta shiga ruwa. Saboda irin wannan ne majalisar ABYC, wadda aka kafa a 1954 don tsara ƙa'idojin ƙananan jirage a Amurka, ta tsaya a kan cewa a haɗa wayar ƙasa da baƙin kan batir, kuma a ƙara na'urar miliamfiya 30 a kai, ba a madadinta ba.

Game da na'urar kuwa, masu ɗaurewa suka ce tana da kyau, amma abu ne mai ƙananan gaɓoɓi masu motsi, yana zaune a cikin laima da iskar gishiri shekara da shekaru, kuma 'yan kaɗan ne cikin masu jirage suke tunawa su danna maɓallin gwajinta. Ran da ta maƙale ba ta sanarwa. Waya mai kauri da aka ɗaure da ƙusa ba ta da abin da zai maƙale.

Akwai reshe na biyu na wannan saɓani, wanda ya shafi wutar batir ta cikin jirgin kanta. A mota, jikin motar shi ne hanyar da wuta ke komawa batir, kuma makanikin da ya saba da mota, idan aka kira shi aikin jirgi, hannunsa zai kai ga ɗaure baƙar wayar ko wace fitila da ko wane famfo a ƙarfe mafi kusa. A kan haramcin wannan babu saɓani tsakanin ɓangarorin biyu, kusan ijma'i ne, har yarjejeniyar SOLAS ta kiyaye rayuka a teku ta hana a mai da ganga hanyar komawar wuta a jiragen dakon mai ɗungum, ta kuma hana a sauran jirage masu girman tan 1,600 zuwa sama wajen wutar inji da ɗumama da fitilu. Inda aka rabu shi ne, bayan ko wace na'ura ta sami wayoyinta biyu, shin a taɓa baƙin kan batir da ganga a wuri guda, ko a bar shi a ware sam? Da yawa daga maƙeran jiragen alminiyam na Faransa sun zaɓi warewa: suna sa kik da altaneto waɗanda ba su dogara da jikin inji ba, suna sa bireka mai yanke wayoyi biyu, da ɗan ƙwan gwaji mai nuna ko wata waya ta taɓa ganga. Dalilinsu shi ne, idan babu haɗi, waya guda da ta goge ba za ta sami hanyar da za ta zagaya ta ci ƙarfe ba. Suna kuma nuni da manyan jiragen teku, waɗanda wutarsu ta bolt 440 akasari a ware take da ganga, don kada lahani guda ya kashe injin sitiyari a cikin hadari.

Amma wannan ƙiyasi ne tare da bambanci. Babban jirgi yana da injiniya mai duba allon wuta a ko wane zagaye na aiki, kuma dokar da ta yarda da warewar ita ce ta wajabta na'urar da ke sa ido a kan rufin wayoyi ba dare ba rana, da ta yi ƙara a tashi a nemi lahanin. Ƙaramin jirgi ba shi da wannan. Lahani na farko zai zauna shiru wata da watanni, ran da na biyu ya zo a ɗaya wayar sai su haɗu ta cikin ganga. Kuma eriyar rediyo guda, ko na'urar auna zafin inji mai waya ɗaya da wani ya sayo da araha, ta isa ta rushe warewar duka mai jirgi bai sani ba. A nan ban ga laifin ko wane ɓangare ba. Wanda ke da ilmi da himmar dubawa ya ware, wanda ba shi da su ya ɗaure a wuri guda tal, da ƙusa guda, inda ido ke gani, domin idan wurin haɗin ya zama biyu wuta za ta raba hanya ta bi ta ganga.

A mas'alar farko kuwa, ta wayar da ke zuwa daga tudu, ra'ayina ya rinjaya ga masu ɗaurewa, kuma rinjayen ba kaɗan ba ne. Malaman usulu da suka jera abubuwan da shari'a ta zo ta kiyaye sun gabatar da rai a kan dukiya, amma ba zan tsaya a nan ba, tun da masu yankewa sun riga sun amsa cewa hujewar jirgi ma rai take ci. Bambancin da nake gani ta fuska biyu ne. Na farko, zaizayar ƙarfe tana ba da wa'adi, tana ɗaukar makonni da watanni, ana iya auna ta, ana iya ganinta a jikin ƙarfen fansa. Wutar gari a cikin ruwa ba ta ba da ko daƙiƙa. Na biyu, wanda ya fi damuna, cutar zaizaya tana sauka a kan mai jirgin, shi da ya zaɓa kuma yake da ikon dubawa, alhali cutar yanke waya tana sauka a kan wanda ba a yi shawara da shi ba, yaron da ke iyo, ko ma'aikacin da ya shiga ruwa don ya kwance igiyar da ta naɗe farfela. Ba ya halatta mutum ya kare gangarsa ta hanyar ɗora haɗarin a wuyan wani.

Abin da ya sa nake ganin yanke wayar ba shi da uzuri shi ne, larurar da ake fakewa da ita tana da mafita. Wutar da ke cin ƙarfe da wutar da ke kisa ba iri ɗaya ba ne: ta farko mai bin hanya ɗaya ce, ƙarfinta da wuya ya kai bolt 1, ta biyu mai kai da komo ce, ƙarfinta ya wuce bolt ɗari. Saboda haka aka ƙera wata 'yar na'ura mai diyod huɗu, watau 'yan ƙofofin da ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai, biyu ta ko wace fuska, wadda ake sakawa a tsakiyar wayar ƙasa. Duk abin da bai kai wajen bolt 1.2 ba sai ta tare shi, abin da ya wuce haka ta buɗe masa hanya. Tana da nata aibin, kuma masu yankewa sun yi gaskiya da suka faɗe shi: tsawa ko babban lahani yana iya ƙone ta ta zauna a buɗe, wayar ƙasa ta yanke ba wanda ya sani, shi ya sa ake neman irin wadda in ta lalace take lalacewa a haɗe; kuma yoyon wutar gari daga na'urorin jirgi yana iya sa ta riƙa barin wutar zaizaya tana wucewa. Mafi inganci shi ne taransifomar warewa, wadda wutar tudu ke shiga naɗinta na farko, wutar jirgi ke fitowa daga na biyu, babu waya tsakaninsu sai maganaɗisu. Wayar ƙasa ta tasha a nan take tsayawa, ba ta isa ganga. Jirgin kuma ya sami wayar ƙasa tasa ta kansa, ɗaure da gangarsa, idan lahani ya auku wutar ta koma taransifomar da ke cikin jirgin, ba ta da dalilin shiga ruwa ta nemi tudu. Tana da nauyi, tana da tsada, amma mai jirgin alminiyam da zai daɗe a tasha, in ya gwada kuɗinta da kuɗin sake fallen ganga, zai ga wanda ya fi sauƙi.

Wannan magana ta shafe mu ta wata fuska da ba a cika kula da ita ba. Kogin Kwara da na Binuwai, da tafkin Kainji da tafkin Chadi, duk ruwan daɗi ne, watau irin ruwan da zaizaya ke tafiya a hankali a cikinsa amma wutar gari ke kisa, saboda haka duk abin da ya rinjayar da ɗaurewa a Turai ya ninka a wurinmu. Gaskiya ne ba mu da tashoshi masu turakun wuta a jere, amma muna da janareta a bakin gaɓa da waya da aka ja zuwa kwale-kwalen ƙarfe ko jirgin fito, sau da yawa waya biyu ce kawai, an haɗa ta da leda. A gefen jirgin kuma mata suna wanki, yara suna wanka. Muna kuma da mai walda wanda yakan ajiye injinsa a tudu, ya maƙala wayar komawa a gada ko a jirgin da ke kusa, ya hau wani jirgin yana aiki, wutar walda mai amfiya ɗari ko fiye ta riƙa neman hanya ta cikin ruwa. Wanda ya tuna lissafin kilo 9 zai gane abin da yini guda na irin wannan zai yi wa ganga. Wayar komawa a jikin jirgin da ake wa walda ake maƙala ta, kusa da wurin aikin. Ƙarfen fansa ma sai an zaɓa bisa ruwan: tutiya a ruwan daɗi takan yi farin ɓawo ta daina aiki, maganiziyam ne ya dace da shi, amma shi kuma a ruwan gishiri yana saurin ƙarewa, yana tayar da fenti, yana cutar da gangar alminiyam. Jirgin dakon da ke sauka daga Lakwaja zuwa Warri kuwa, yana fita daga wannan ruwa yana shiga wancan, ƙarfen fansa na alminiyam ya fi dacewa da shi.

Hanyar da mai jirgi zai san halin da yake ciki ba ta da wuya. Ana samun ɗan sandan gwaji na azurfa mai doguwar waya. A jefa shi cikin ruwa a gefen jirgi, a haɗa shi da mita, ɗaya bakin mitar a taɓa shi da ƙarfen ganga inda babu fenti. A ruwan teku, gangar baƙin ƙarfe da ba ta da kariya takan nuna wajen bolt −0.6, wadda ta sami kariya takan nuna −0.8 zuwa wajen −1.0, abin da ya zarce −1.1 kuma ya yi yawa, zai fara ɓata fenti. A karanta lambar kebul ɗin tudu yana cire, sa'an nan a jona shi a sake karantawa. Idan lambar ta tsaya inda take, na'urar da ke kan wayar ƙasa tana tare abin da aka sa ta ta tare, sai kuma a gwada ta dabam a tabbata ba ƙonewa ta yi ta yanke hanyar ba. Idan kuwa lambar ta motsa, jirgin yana ciyar da maƙwabtansa ke nan, sai a cire kebul ɗin duka, wuta da wayar ƙasa tare, a zauna a kan batir har a gyara.